Daga makuba zuwa digiri na biyu: yadda adon ɗaki ya shiga jami'a

Tun kafin a san da wani fanni mai suna tsara cikin gida, garuruwa irin su Dayi, a ƙasar Malumfashi, suna da masu wannan aiki, kuma aikin rabe yake gida biyu. Magina maza su ke ɗora tubali, su jera azara, su ɗaure bakan gizo, sannan su yi wa bango zanen dagi tun yaɓe bai bushe ba. Mata kuwa su ke daɓe ƙasa da ruwan makuba, su shafa farar ƙasa, su yi jere. Da kuɗin auduga ya wadata a yankin Funtuwa zamanin Turawa, sai kwanukan sanholama da fanteka da langa suka ture ƙwarya da akushi daga bangon amarya. Mai jere ta san tasar da za ta hau kan wace, ta san inda hasken ƙofa zai faɗa. Ilimi ne cikakke, ko da yake ba a taɓa rubuta masa manhaja ba.

Ginin ma yana da matakansa. Yaro yakan fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, ya shekara da shekaru kafin a bar shi ya taɓa rufi, Sarkin Magina kuma shi ne mai tantancewa. Ƙololuwar wannan makaranta ita ce Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Ƙawar masallacin tana ciki ne, a bakunansa da ginshiƙansa, kuma har yau ɗaliban zanen gine-gine na zuwa su auna su.

A Zariyar nan dai hanyar boko ta buɗe. A tsakiyar shekarun 1950 aka dawo da sassan zane-zane da na tsara gine-gine na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa can, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Dokar 1969 ta kafa hukumar yi wa masu zanen gine-gine rajista, amma masu tsara cikin gida ba su samu ƙungiyarsu ta ƙasa, IDAN, ba sai 2007, ita ma a Legas. Shi ya sa a Arewa fannin ya daɗe yana rakuɓe a gindin wasu sassa: zanen gine-gine, ko ƙirar masana'antu inda ake koyar da saƙa da tukwane da zayyana.

To, me ake nema daga ɗan Dayi da ke son digiri na biyu a nan? Kiredit biyar na sakandare, har da Turanci da lissafi. Digiri na farko a fanni makusanci, galibi da sakamakon da bai gaza aji na biyu ba. Takardar kammala yi wa ƙasa hidima, ko ta yafewa. Mai HND yawanci sai ya bi ta difloma ta gaba da digiri tukuna. Bayan darussa da aikin situdiyo, sai kundin bincike da zai kare gaban malamai. A zanen gine-gine, shekara huɗu na farko ba sa isa. Sai an ƙara biyu kafin a kama hanyar rajista.

Sharuɗɗan suna da hujja. Wanda zai tsara ɗakin jinya ko ajin makaranta dole ya san wayar lantarki, shigar iska, da mafita idan gobara ta tashi, abubuwan da jere bai koyar ba. Sai dai a ganina tsarin ya yi hasara babba: magini da mai jere suna shiga jami'a ne a matsayin waɗanda ake yi wa tambayoyi don cika babi na huɗu na kundin wani, ba a matsayin masu koyarwa ba. A halin yanzu kuma, a Malumfashi da Funtuwa, silin POP da tayil sun mamaye sababbin gidaje, jere ya koma cikin kabad mai gilashi, samarin da ke wannan aiki kuwa yawancinsu a wurin maigida suka koya, kamar dai yaran magina na da.