Karanta Jerin Ƙwayoyin Halitta da Amfaninsa ga Jama'ar Zamfara

Kowane abu mai rai yana ɗauke da sinadarin gado da ake kira DNA, wanda aka gina da haruffa huɗu: A, C, G da T. Wasu ƙwayoyin cuta, kamar na shan-inna da korona, RNA suke ɗauke da shi. Karanta jeri shi ne amfani da na'ura a gano yadda haruffan suka bi juna, ta haka ake sanin asalin ƙwayar cuta, danginta da hanyar da ta biyo.

Annobar Sanƙarau

Mun ga amfanin wannan ilimi a jiharmu. A watan Disamba na 2016 sanƙarau ya ɓulla a Ƙaramar Hukumar Zurmi, ya bazu a 2017, har mutane fiye da 1,100 suka rasu a faɗin ƙasa. Allurar da aka fara yi a Arewa tun 2011 ta nau'in A ce, alhali gwaji ya nuna nau'in C ne ya shigo. Karanta jerin ƙwayar ya tabbatar da cewa dangi ɗaya take da wadda ta bayyana a Sakkwato a 2013, ta kuma addabi Nijar a 2015. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV mai kare nau'i biyar.

Inda Ake Aikin

Samfurin bayan-gida na yaran da ake zargin shan-inna ya kama ana aika shi ɗakunan gwaji na Ibadan ko Maiduguri. Hukumar NCDC tana da babban ɗakin gwaji a Gaduwa, Abuja. Cibiyar ACEGID da ke Ede, Jihar Osun, ita ce ta fara karanta jerin ƙwayar korona a Afirka, a watan Maris na 2020.

Kira ga Jama'a

Na'ura ba ta aiki sai da samfuri. Saboda haka muna kira ga hakimai, dagatai da masu unguwanni a Gusau, Tsafe da Bunguɗu da su sanar da jami'in sa-ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma da zarar an ga zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ya shanye ba zato. Ana buƙatar samfurin bayan-gida biyu cikin kwana 14 da farawar shanyewar. Jinkiri yana rage ingancin gwaji, yana kuma ba cuta damar yaɗuwa zuwa maƙwabta.