Ɓacin Rai Ma Ana Ɗaukarsa: Nazari a Kan Zama da Jama'a a Jikwoyi

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Nyanya ta nufi Karshi zai wuce Karu, ya iso Jikwoyi, kafin ya kai Kurudu da Orozo. A takarda unguwar tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar birnin Abuja. A zahiri kuwa makwanci ce. Ƙauyen Gbagyi ne tun asali, ya fara cika bayan da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, ya ƙara cika a shekarun rusau na zamanin ministancin Malam Nasir El-Rufai, tsakanin 2003 da 2007, lokacin da katafila da tsadar haya suka yi ta koro masu ƙaramin ƙarfi zuwa gefen gari. Yau har an kasa ta kashi-kashi, ana cewa Fes Wan, Fes Tu, Fes Tiri. Malamin ofis da direba da mai gadi da tela da ɗan sanda duk a nan suke kwana, kuma a gidan haya ɗaya za ka iske Bahaushe da Tibi da Ibo da Igala suna ɗiban ruwa a wurin mai kura ɗaya.

Abin da ya sa unguwar ta dace da wannan nazari shi ne mutumin Jikwoyi cikin jama'a yake yini, tun daga asuba har dare, amma da wuya ya sami kansa cikin jama'ar da ya zaɓa. Bai zaɓi wanda za a matse su tare a bayan mota ba, bai zaɓi mai ɗakin da ke kallon nasa ba. To idan har gaskiya ne farin ciki da ɓacin rai suna tsallakawa daga wani zuwa wani, lallai a irin wannan wuri ne za a fi ganin aikinsu.

Ba baƙon zance ba ne a wurinmu. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma ɗalibai da dama sun san hadisin Abu Musa al-Ash'ari da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya kwatanta abokin zama nagari da mai sayar da turare, mugun abokin zama kuma da mai zuga a maƙera. Sai dai akasarin masu kawo waɗannan suna magana ne a kan hali, abin da yake ginuwa a hankali cikin shekaru. Abin da masana halayyar ɗan'adam suka ƙaro shi ne akwai wani tasirin da ba ya jiran shekaru, ko awa ɗaya ma ba ya jira.

A farkon shekarun 1990 Elaine Hatfield da John Cacioppo da Richard Rapson suka tsara bayanin da ake dogaro da shi har yanzu. Mutum yana kwaikwayon fuskar wanda ke gabansa, da muryarsa, da yadda ya riƙe jikinsa, ba tare da ya yi niyya ba. Daga nan jikin nasa ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, sai ya fara jin wani ɓangare na abin da wancan yake ji. A 2000 Ulf Dimberg da abokan aikinsa a Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka nuna saurin abin. Sun riƙa haska wa mutane hoton fuska mai fara'a ko mai fushi na tsawon kashi 30 cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya, su rufe shi nan take da wata fuskar da ba ta nuna komai. Mutanen ba su ma san sun ga wani abu ba. Duk da haka na'ura ta kama naman kumatunsu yana motsi wajen murmushi, ko na girarsu yana motsi wajen ɗaurewa, daidai da hoton da aka ɓoye.

Abin bai tsaya a fuska ba. A 2014 Veronika Engert da Tania Singer da wasu a Jamus suka saka mutane cikin jarrabawa mai tayar da hankali, suka zaunar da wasu suna kallo kawai. Kashi 26 cikin 100 na 'yan kallon sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa lokacin damuwa, ya hau a jikinsu. Idan wanda ake kallo abokin rayuwa ne adadin ya kai kashi 40, idan baƙo ne kuma kashi 10. Wannan kashi 10 ne ya fi jan hankalina, domin baƙi ne suke kewaye da mutumin Jikwoyi a sa'o'in da suka fi tsanani a yininsa.

A duba safiyarsa. Tun da aka hana acaɓa shiga tsakiyar birni a 2006, aka kuma hana ƙananan motocin da ake kira araba a 2013, ma'aikaci ya koma dogaro da tasi da kabu-kabu da manyan bas-bas, sau da yawa hawa biyu ko uku kafin ya kai ofis. Tafiyar da ba ta wuce rabin awa idan hanya a sake take takan ci awa ɗaya zuwa biyu, saboda motocin Karshi da na Mararraba da Masaka duk a maƙogwaro ɗaya suke haɗuwa, daga Nyanya zuwa Kugbo. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Kowa na duba agogo, kowa na tuna rajistar da za a rufe a ofis, direba na lissafin mai. Bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta, gardamar canji ta zama abin kullum. Sai kuma tsoron 'yan wan-cans, masu fashi da sunan ɗaukar fasinja, wanda ya sa kafin mutum ya shiga mota sai ya ƙare wa fuskokin da ke ciki kallo. Wato dole ta sa yana karanta fuska da kyau, kuma daidai wannan karatun ne ƙofar da damuwar wasu ke bi ta shige shi. Shi ya sa mutum zai fito daga gida lafiya lau, ba wanda ya zage shi, ya isa wurin aiki ransa a jagule, in an tambaye shi dalili ya ce shi ma bai sani ba.

Tsoro ya fi komai saurin yaɗuwa, kuma mutanen wannan hanya sun ɗanɗana. Ranar 14 ga Afrilu 2014 da sassafe bam ya tashi a tashar motar Nyanya ya kashe fiye da mutum 70, wani ya sake tashi kusa da wurin ranar 1 ga Mayu. Mafi yawan mazauna Jikwoyi ba su ga tashin bam ɗin da idonsu ba. A fuskar maƙwabci suka gan shi, a muryar wanda ya bugo waya yana tambayar ko an iso lafiya, da kuma shirun da ke sauka a mota duk lokacin da wani ya shigo da babbar jaka. Shingayen bincike da suka biyo baya sun ƙara tsawon cunkoson, sai aka tara mutane masu fargaba wuri ɗaya na tsawon sa'o'i, kowa yana ƙara wa ɗan'uwansa.

Game da maƙwabta, binciken da aka fi ambata shi ne na James Fowler da Nicholas Christakis, wanda ya fito a 2008. Sun bi mutum 4,739 na garin Framingham a Amurka daga 1983 zuwa 2003, suka iske idan maƙwabci na jikin gida ya sami farin ciki, yiwuwar mutum ya kasance cikin farin ciki takan ƙaru da kashi 34 cikin 100. Idan aboki ne da ke zaune cikin tazarar mil ɗaya, kashi 25. Da nisa ya ƙaru sai tasirin ya dusashe. Ya kamata a karɓi waɗannan alƙaluma da taka-tsantsan. A shekarar 2008 ɗin dai Ethan Cohen-Cole da Jason Fletcher suka yi amfani da irin wannan lissafi suka nuna kamar ƙurajen fuska da ciwon kai da tsawon jiki ma suna yaɗuwa tsakanin abokai, don su nuna cewa masu kama da juna ne ke ƙulla abota tun farko, kuma waɗanda suke unguwa ɗaya matsala ɗaya ke samunsu. Wannan suka tana da nauyi a Jikwoyi. Idan taransifoma ta lalace mako biyu, layi gaba ɗaya zai yi fushi ko da ba wanda ya ɗauka daga wani. Amma gwajin Uppsala da na Jamus ba su faɗa wannan rami ba, domin a can masu bincike ne suka tsara wanda zai ga wa. Matsayata ita ce abubuwan biyu tare suke aiki: matsala ɗaya ce ke kunna fushin, zama kusa kuma shi ke hana shi hucewa.

Za a iya zaton cewa cunkoso aƙalla yana maganin kaɗaici. Binciken Gary Evans da abokansa a birnin Pune na Indiya a 1989 ya nuna akasin haka: magidantan da ke gidaje masu cunkoso sun fi damuwa, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne sun fi jin cewa ba su da mai tallafa musu. Wanda mutane suka yi masa yawa janyewa yake yi. Duk wanda ya zauna gidan haya mai ɗaki goma da banɗaki biyu ya san wannan janyewa: a gaisa a tsaye, a shige ɗaki a saki labule, ba za a sake haɗuwa ba sai ranar rabon kuɗin wuta ko rigimar wanda bai yi shara ba.

Inda lamarin ya fi damuna shi ne abin da ke faruwa bayan an dawo gida. Ɓacin rai ba ya yaɗuwa daidai-wa-daida. Reed Larson da David Almeida, da suka tattara binciken da aka yi a kan iyalai a 1999, sun lura cewa baƙin rai ya fi farin rai saurin tsallakawa, kuma ya fi gangarowa daga mai iko zuwa na ƙasa da shi, daga miji zuwa mata, daga iyaye zuwa 'ya'ya. Oga ya yi wa masinja tsawa a ofis da ƙarfe goma na safe. Da ƙarfe tara na dare matar masinjan ce ke karɓar amsa a gajarce, ita kuma ta daka wa yaro tsawa a kan abin da jiya dariya ta yi masa. Ko jinjiri bai tsira ba. A 2014 Sara Waters da Tessa West da Wendy Mendes suka sa iyaye mata yin jawabi gaban alƙalai masu ɗaure fuska, sannan suka mayar musu da jariransu 'yan kimanin shekara ɗaya. Jariran ba sa ɗakin da aka yi jawabin, amma cikin 'yan mintuna bugun zuciyarsu ya ƙaru.

A nan ne ya dace a sake kallon abin da al'adarmu ta tanada. A laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya saka haƙuri da kunya da ladabi cikin siffofin da Bahaushe ke auna mutum da su, kuma mun san darajar fara'a a wurin mutanen da suka ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Doguwar gaisuwarmu, wadda wasu ke gani ɓata lokaci, tana tilasta wa mutum biyu su sassauta murya su saki fuska kafin a shiga zance. Zaman makoki yana kewaye mai rashi da mutanen da hankalinsu ke kwance har nasa ya fara kwanciya. Majalisar bakin masallaci bayan magariba da bencin mai shayi su ma aikinsu ke nan. Kimiyya ba ta saɓa ba: a 2006 James Coan da abokansa suka duba ƙwaƙwalwar matan aure 16 da aka yi wa barazanar ɗan jan lantarki, suka ga fargabar tana raguwa idan mace ta riƙe hannun mijinta, musamman idan zaman nasu na daɗi ne, har hannun baƙo ma ya ɗan rage ta. Natsuwa ma ana ɗaukarta.

Amma haƙuri yana da mai biyan kuɗinsa. Idan aka ce wa mace ta shanye duk abin da maigida ya shigo da shi daga hanya, an kare yara ta wani gefen, an kuma tara mata abin da ba ta da inda za ta sauke. A Kano ko Katsina tana da uwa da yayye da ƙawaye da za ta leƙa a unguwa. A Jikwoyi sau da yawa danginta suna nisan yini guda a mota, maƙwabciyarta kuma wani yare take ji. Shawarar da ake yawan bayarwa, cewa mutum ya nisanci masu ɓata masa rai, ta mai hali ce, wanda ke da motarsa da katangarsa. Wanda ya biya hayar shekara a ɗaki ɗaya ba shi da inda zai nisanta.

Saboda haka ban yarda a mayar da wannan batu na gyaran hali kaɗai ba. Magidancin da ya fita kafin gari ya waye ya dawo bayan isha'i ya rasa majalisa, ya rasa jam'in magariba a masallacin unguwa, ya iske yara sun yi barci. An ƙara masa sa'o'i cikin masu tayar masa da hankali, an rage masa sa'o'i cikin masu kwantar masa da shi. Hanyar Apo zuwa Karshi, wadda aka ba da kwangilarta tun 2011 domin ta rage wa Nyanya nauyi, ta shafe fiye da shekara goma ba a kammala ba. Idan ana lissafin asarar irin wannan jinkiri, man fetur da sa'o'in aiki ake ƙirgawa. Ya kamata a saka gidajen da ake shiga da ɗaurarriyar fuska kowane dare a cikin lissafin.