Yadda jijiyoyin fata ke hura wutar kumburi da ƙaiƙayi

Jijiyoyin ji da ke shimfiɗe a cikin fatar ɗan Adam ba su tsaya ga kai saƙon zafi ko ƙaiƙayi zuwa ƙwaƙwalwa ba. Idan wani abu ya taɓa su, bakinsu kan fitar da wasu ƙananan sinadarai a cikin fatar, waɗanda ke ba magudanan jini da ƙwayoyin garkuwar jiki umarni.

Biyu daga cikinsu ne suka fi shahara. Na farko shi ne Sinadarin P, wanda Ulf von Euler da John Gaddum suka gano a shekarar 1931. Shi ke sa ruwa ya tsattsafo daga ƙananan magudanan jini har wurin ya tasa, ya kuma zaburar da wasu ƙwayoyin garkuwa su saki histamin, sinadarin da ke haddasa ƙaiƙayi. Na biyu, CGRP, an gano shi a 1982, kuma aikinsa buɗe magudanan jini, abin da ke sa wurin ya ɗau ɗumi.

Wannan ne ya sa susa ke ƙara dagula ciwo. Farce na tsokanar jijiya, jijiya ta saki sinadarai, kumburi ya ƙaru, ƙaiƙayi ya dawo da ƙarfi. Likitoci sun kuma lura cewa tabon cutar soriyasis kan baje a sashen jikin da jijiyarsa ta lalace, alamar cewa jijiya na da hannu a cutar.

Tasirin bai tsaya nan ba. A 2018, masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna a jikin ɓeraye cewa ƙwayar cutar da ke cin naman jiki na tsokanar jijiyoyi su saki CGRP, shi kuma ya hana fararen ƙwayoyin jini isa wurin da ake buƙatarsu.

Sanin haka ya buɗe ƙofar magani. Kafsaisin, sinadarin da ke ba barkono yaji, ana haɗa man shafawa da shi domin dusashe waɗannan jijiyoyi a rage raɗaɗi. David Julius, wanda ya gano inda sinadarin ke kamawa a jikin jijiya, na cikin mutum biyu da suka samu lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a 2021.

Saboda haka masana ke shawartar mai fama da ƙaiƙayin da ya ƙi ƙarewa ya guji susa, ya nemi likitan fata.