Waƙoƙin da Ba Mu Ƙarasa Ba: Daga Hikima Kulob Zuwa Zauren WhatsApp

A kwamfutar kusan kowane ɗayanmu akwai wata jaka da ba ma so a buɗe a gaban mutane. Cike take da kiɗa: wani daƙiƙa arba'in, wani minti ɗaya da rabi, wani kuma amshi ne tsura babu baiti ko guda. Sunayen ma abin dariya ne: "sabon kiɗa", "sabon kiɗa 2", "na ƙarshe", "na ƙarshe na gaskiya". Mu ba mawaƙan da ake gayyata biki ba ne. Da rana wani tela ne a Mandawari, wani malamin firamare ne a Gwale, wani yana jiran shago a Kurmi, wasunmu kuma rubuta manhaja ne abincinmu. Sai bayan isha'i, in an kawo wuta ko batir ya yi saura, muke toshe kunne mu taɓa abin da rai yake so. Zauren WhatsApp ne ya haɗa mu. Ba a taɓa yin masu waƙar sha'awa a cikin ganuwar Kano da suka samu kayan aiki da abokan shawara kamar mu ba, amma in aka ce mu kawo waƙoƙin da muka gama a bara, yatsun hannu ɗaya sun ishi yawancinmu lissafi. Wannan ne ya sa muka waiwaya mu ga yadda na gabanmu suka yi.

Taron masu waƙar sha'awa ba baƙon abu ba ne a Kano. A shekarun 1970 akwai Hikima Kulob ta Malam Mudi Sipikin, tsohon mawaƙin NEPU, akwai kuma Hausa Fasaha da Alhaji Aƙilu Aliyu ya jagoranta. Rubutacciyar waƙa suke yi, rerawa ba kiɗa, kuma galibin 'yan ƙungiyar ba da waƙa suke cin abinci ba. Har da mata a ciki: Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yarshehu, waɗanda aka buga waƙoƙinsu a littafin Alƙalami a Hannun Mata, ta Hikima suka biyo. Baturen nan Graham Furniss ya zauna da su ya yi nazarin ayyukansu. Abin da ya fi jan hankalinmu a tsarinsu shi ne rediyo. Ana ɗaukar waƙoƙinsu a watsa, don haka akwai ranar da dole mutum ya zo da waƙa gamammiya, mai farko da ƙarshe, ya rera ta a gaban waɗanda suka san kari da amsa-amo. Ba a zuwa da rabin baiti a ce "ya kuka ji wannan?"

Haka abin yake ga 'yan bandiri. Wanda ya tashi kusa da Kabara ya san yadda ake shirin maukibin Ƙadiriyya tun zamanin Shaihu Nasiru Kabara, ya san kuma yadda sha'irai suke kwana gyaran ƙasida in watan Mauludi ya ƙarato. Ko 'yan Ushaƙu Indiya, masu ɗauko karin waƙoƙin finafinan Indiya su mayar da shi yabon Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, majalisi ne yake jiransu. Wata ba ya jiran wanda bai shirya ba. Ga kuma 'yan amshi a zaune, mutum biyar ko shida sun baro harkokinsu saboda kai. Kunyar idonsu kaɗai ta isa ta sa ka ƙarasa.

Sai fiyano ta zo. Bayan Turmin Danya a 1990, sana'ar fim ta kankama, kasuwar Ƙofar Wambai ta zama matattarar kaset, fim kuwa yana neman waƙa. A tsakiyar shekarun 1990 situdiyon Iyan-Tama ya shigo da fiyanon Yamaha samfurin PSR, mai ɗauke da sautukan da in an iya taɓa su sukan yi kama da kalangu da sarewa da goge. Da fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a ƙarshen shekarun, waƙarsa ta cika gari, daga nan kowane saurayi mai murya ya gane cewa ba sai ya gaji kiɗa ba kafin ya yi waƙa. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne a garin da ake kallon kiɗa a matsayin sana'ar gado, ake kuma haɗa shi da roƙo. Dubi sunayen mawaƙan nanaye na farko-farko: Sadi Sidi Sharifai, Sani Yusuf Ayagi. Unguwannin cikin birni ne manne da sunayensu.

Amma situdiyo kuɗi ne. Yaro zai yi wata biyu yana tara kuɗin zama ɗaya, ya fita bayan ganuwa wajen titin Zoo, ya rera wa mai kiɗa karin da ke kansa, shi kuma ya gina masa a fiyano. Janareto yana shan mai, wani yana bakin ƙofa yana jiran layi. A irin wannan yanayi ba a sake ɗaukar baiti sau talatin. Da yawa daga waƙoƙin wancan lokaci in ka saurare su yau za ka ji murya ta ɗan kauce, ko amshi ya shigo da wuri. Duk da haka sun fita, an ji su, wasu har yau ana sa su a gidan biki.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, shekarar da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano. Cikin 'yan shekaru wayoyi suka fara ɗaukar memori, masu tura waƙa suka kafa teburansu a Farm Centre da bakin kasuwanni, Bluetooth kuma ya zama hanyar da waƙa take bi daga aljihu zuwa aljihu. An ga ƙarfin wannan hanya a 2009, zamanin da Malam Abubakar Rabo Abdulkarim yake shugabantar hukumar, lokacin da kotu ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da Hasbunallahu ta Aminu Ala, da Oyoyo ta Adam A. Zango, da Girgiza Kai ta Nazir Hausawa, wato Ziriums. Har tsare Ala aka yi a shekarar. To amma yaya za a kama waƙar da ba ta kan kanta a shago, sai a wayar ɗan acaɓa da ta mai shayi? Muna samari a lokacin, kuma muna iya tunawa: haramcin ma shi ya sa waɗanda ba su ji ba suka shiga nema. A ganinmu a nan ne taron masu sauraro ya fara rabuwa da wuri, tun kafin yawancin mutanen cikin birni su taɓa intanet. Sai dai Bluetooth yana da sharaɗi guda da muka manta da darajarsa: gamammen fayil yake turawa. Ba wanda zai tsaya a rana ya karɓi rabin waƙa.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa a guje: 2go, Facebook, BBM ga masu hali, sannan WhatsApp da ya haɗiye su duka. A ɓangaren kayan aiki kuma FL Studio, manhajar kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, wadda aka fara sani da FruityLoops kafin a sauya mata suna a 2003, ta maye gurbin fiyano a ɗakunan samari. Mu faɗi gaskiya, akasarinmu ba da saye muka fara ba, kwafin da aka fasa ne yake yawo daga filashi zuwa filashi, abin da mu masu rubuta manhaja ya kamata mu fi kowa jin kunyarsa.

Ba za mu yi butulci ba, zaure ya yi mana rana. Abin da a da sai ka yi shekara kana share situdiyo kana sayo wa oga abinci kafin a nuna maka, yanzu cikin dare ɗaya wani daga Zariya ko Maraɗi zai turo maka bayaninsa da muryarsa: yadda ake raba murya da hayaniyar janareto, yadda ake hana ganga danne baiti. Akwai matan aure a cikin lungunan birni da ba za su taɓa taka situdiyo ba, amma suna ɗaukar amshi a waya su turo, a ɗora a kiɗa. Wanda mahaifinsa zai yi fushi in ya ji ɗansa yana kiɗa, ya samu inda zai koya ba tare da unguwa ta sani ba. Shekarar farko da mutum ya shiga irin wannan zaure, hannunsa yakan buɗe sosai.

Matsalar daga baya take fitowa, kuma mun daɗe ba mu gane ta ba. Ka yi awa biyu ka haɗa kiɗa mai daɗi na daƙiƙa talatin, ka tura zaure. Kafin ka sha ruwa an jero maka hoton wuta da tafi, wani ya ce "wannan ai ta gama gari". Daɗin da ya kamata ka ji ranar da ka gama waƙa, ka riga ka karɓe shi tun a amshi. Washegari abin da ya rage shi ne aikin da ba mai yi maka tafi a kansa: baiti na biyu da na uku, gyaran numfashi, daidaita sauti. Sai ka ga buɗe sabon fayil ya fi sauƙi. A wajen aikinmu na manhaja mun san wannan ciwo sarai, fara sabon aiki ya fi gyaran tsohon kuskure daɗi, shi ya sa ake sa mana ranar miƙa aiki da mai dubawa. Mun kuma san cewa jan ɗigon da ke fitowa a kan waya ba haka kawai aka sa shi ba, mutane irinmu ne aka biya su zauna su tsara yadda za ka riƙa dawowa. Awa biyun da NEPA ta ba mu, rabi a karanta musun wace manhaja ta fi wace yake tafiya.

Akwai kuma abin da ya fi ɓata lokaci zurfi. Darussan da ake turowa daga YouTube na kiɗan wasu ne. Da amapiano ta taso daga Afirka ta Kudu, kowa a zaure ya koma neman sautin gangarta, wanda ma a cikin FL Studio yake tun asali. Ita manhajar a kan layuka take ajiye sauti, kowane a gidansa, alhali kalangu magana yake yi, yana hawa yana sauka yadda harshen Hausa yake yi, mai kiɗa yana matse tsarkiya a hammata. In ka tilasta masa zama a kan layi, sai ya zama ganga kawai. Mai koya maka wannan yana nan da ransa, wataƙila lungu biyu tsakaninku, amma ba ya cikin zaure, kai kuma ba ka fita.

Shekarar 2020 ta nuna mana fuska biyu na al'amarin a cikin 'yan watanni. Ana cikin kullen korona Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta mamaye wayoyi, matan aure suna ɗaukar bidiyo suna taka wa mazajensu rawa, malamai suna faɗa, waƙa tana ƙara tafiya. Duk mai kwamfuta a ɗaki ya ga cewa gaɓa ɗaya mai kama kunne tana iya kai mutum inda rediyo ba ta kai shi ba. TikTok, wadda da bidiyon daƙiƙa 15 ta fara, ta ƙara tabbatar da haka, kuma Warr da Chass na Ado Gwanja a 2022 suka bi ta wannan hanya. Sai dai su Breaker da Gwanja cikakkun waƙoƙi suka yi, jama'a suka yanki inda suke so. Mu sai muka ɗauki darasin a juye, muka koma ƙera yankin kaɗai.

Fuska ta biyu a Sharifai ta bayyana. A farkon shekarar wani matashi, Yahaya Sharif-Aminu, ya tura waƙa ta WhatsApp, aka zarge shi da ɓatanci, aka ƙone gidansu, a watan Agusta kotun shari'ar Musulunci ta yanke masa hukuncin kisa. A 2021 babbar kotu ta ce a sake shari'ar, magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli. Ba hurumin wannan rubutu ba ne ya shiga cikin shari'ar. Abin da ya shafe mu shi ne sunan da muka ba wa abin. Mun kira shi zaure, amma zauren gidan ubanka yana da bango, ka san duk wanda ke zaune, in ka yi kuskure dattijo zai tsawatar maka a nan, magana ta mutu. Na waya ba shi da bango, magana kuwa zarar bunu ce. Tun daga lokacin, ko waƙar siyasa ko ta zambo ce, da yawa daga cikinmu sukan rubuta su goge.

Ba mu kaɗai wannan ciwo ya kama ba. A Amurka tun 2004 wasu masu waƙar sha'awa suka ɗora wa kansu ƙa'idar rubuta waƙa 14 a cikin kwana 28 na watan Fabrairu, kuma har yanzu ana yi duk shekara ta intanet. Da muka karanta labarinsu dariya muka yi, don abin da Hikima take yi ne da ranar rediyo, abin da sha'irai suke yi ne da watan Mauludi. Su ma can sai da suka ƙirƙiro wa kansu ranar da ba ta ɗaguwa.

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce muka gwada namu. Muka ce ba a ƙara turo guntun kiɗa a zaure, sai waƙa mai baiti uku aƙalla, kuma Asabar ɗin ƙarshen kowane wata za a haɗu ido da ido a soron gidan su ɗaya daga cikinmu, can wajen Ƙofar Na'isa, kowa ya sa tasa a lasifika. Zaure ya yi tsit kamar an yi mutuwa, wasu suka fice suka ce mun cika tsanani. A zaman farko mutum bakwai suka zo, huɗu da waƙa. Ta telan nan ce ta fi kowacce rauni wajen sauti, da wayar hannu ya ɗauki muryar, ana jin kukan akuya a baiti na biyu. Kawun mai gidan, wanda ya yi amshi a majalisin bandiri shekaru da dama, yana daga gefe a kan buzunsa yana jin mu. Da aka gama ya ce a sake sa ta telan. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaro, amshinka ya fi ƙarfin numfashinka. Rage kalma biyu." Telan ya rage a wurin, muka amsa masa mu shida, aka sake ɗauka kafin a kira magariba.