Adana Fayilolin Imel da Sunayensu na Asali: Matsalar Haruffa a Tahoua da Arewacin Adar

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda manhaja ke ciro fayil daga cikin imel ta ajiye shi a folda. Ta nuna cewa sunan fayil yakan lalace a wuri biyu, wajen karanta shi da wajen rubuta shi, kuma goge haruffa masu lanƙwasa ba magani ba ne.

Gabatarwa

Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Takardun da ke yawo tsakanin Tahoua, Keita da Abalak, ko masu shiga Jami'ar Djibo Hamani, suna iya ɗaukar suna da Faransanci, Hausa ko Tamajak. Matsalar ita ce tsarin haruffa na Windows-1252 ya san é, amma bai san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba.

Karanta suna

Ƙa'idar RFC 2183 ta 1997 ta sanya sunan fayil a layin Content-Disposition. RFC 2231 ta wannan shekarar ta tanadi yadda za a rubuta haruffan da ba sa cikin ASCII, shi ya sa ƙorafi.pdf yake isowa a matsayin UTF-8''%C6%99orafi.pdf. Sai dai manhajojin imel da dama suna amfani da salon RFC 2047 ta 1996, ko da yake ƙa'idar ta hana hakan a wannan gurbi. Dole mai rubuta manhaja ya karɓi duka biyun. A Python, get_filename() yana warware su idan an karanta saƙon da policy.default.

Rubuta suna

Nan ne gizo ke saƙar. Lambar wasiƙar ofis a Nijar takan zo da alamar / tsakanin gajerun sunayen ma'aikatu, haka ma kwanan wata. Kwamfuta kuwa tana ɗaukar wannan alama a matsayin rabuwar folda, Windows kuma ya hana wasu takwas, har da : da ?. Su ya kamata a musanya da karan ɗori, a kuma cire ../ domin kada mugu ya jefa fayil inda ba a nufa ba. Harafin ƙ ba ya cikin waɗanda aka hana, don haka babu dalilin taɓa shi.

Tamajak ta zo da tata matsalar. Ana iya rubuta ḍ da lamba ɗaya, U+1E0D, ko d tare da ɗigo U+0323. Ido ba ya bambancewa, amma mai neman fayil zai iya rasa shi. Daidaita kowane suna zuwa tsarin NFC kafin ajiya yana kawar da wannan.

Saura maimaici. Idan ɗalibai biyu suka aiko CV.pdf, na biyu zai danne na farko, kuma babu wanda zai sani. Manhaja ta fara dubawa ko sunan yana nan, in yana nan ta ƙara masa lamba kafin .pdf.