Yanar Ido da Aikin Agaji a Karkara: Me Ya Kamata a Ƙirga?

Gabatarwa

Duk shekara ana jin sanarwa a rediyo cewa wata gidauniya ko wani attajiri ya ɗauki nauyin aikin ido kyauta a garin kaza. Idan an kammala sai a faɗi adadin waɗanda aka yi wa tiyata, a yi godiya, a watse. Wannan nazari yana duba abin da adadin ba ya faɗa: mutum nawa ne suka koma gida suna gani, kuma me ke hana saura zuwa.

Mene ne yanar ido

Sunan kansa yana ɓatar da mutane. Bahaushe ya san yana a saman kunu ko madara, shi ya sa da yawa ke zaton wata fata ce ta rufe idon daga waje, har a ce za a je a kankare ta. Alhali a cikin ido take. Bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garau da ke tattara haske. Shi ne yake dusashewa, galibi saboda tsufa, wani lokaci saboda ciwon suga ko rauni. Ba maganin ɗigawa ko kwalli da ke wanke shi. Sai dai a cire, a sa na roba a gurbinsa, dabarar da likita Harold Ridley ya fara gwadawa a Landan a 1949. Aikin ba ya kai rabin awa a hannun gwani, kuma allurar kashe zafi kawai ake yi wa idon, mutum yana farke.

Girman matsalar

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya duba fiye da mutum 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Ya gano kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, kuma yanar ido ce sanadin kashi 43 na wannan makanta. Arewa maso gabas ce ta fi yawa da kashi 6.1, kudu maso yamma kuwa 2.8. Wannan tazara tana bin sawun talauci da nisan asibiti.

Wani sakamakon ya fi ɗaga hankali. Cikin idanun da aka taɓa yi wa wani aiki don yana, fiye da kashi 40 masu aikin gargajiya ne suka yi. Suna soka tsinke ne su ture madubin ya faɗa can cikin ido. Haske yana shiga nan take, mutum ya ga gilmawar jama'a, ya yi murna ya biya. Bayan kwanaki sai kumburi ko hawan jinin ido ya biyo baya. Mafi yawan idanun da aka yi wa haka binciken ya same su a makance: garin gyaran gira an rasa ido.

Dalilin da mai tsinke ke samun kasuwa

Kuskure ne a ɗora komai kan jahilci. Mai tsinke har zaure yake zuwa, ya san harshen gari, yana karɓar akuya ko hatsi. Asibiti kuwa, ko an ce kyauta, akwai kuɗin mota na mutum biyu, domin makaho ba ya tafiya sai da ɗan jagora. Akwai abinci da makwanci. Idan damina ce, wanda zai yi rakiya ya bar gona ke nan. Tsohuwa ta fi shan wahala, tunda kuɗin gida ba a hannunta yake ba, kuma sau da yawa sai a ce ai tsufa ne, a yi haƙuri. Ga kuma tsohuwar magana cewa sai yanar ta nuna, wadda ta samo asali daga tiyatar da, amma har yau tana zaunar da mutane a ɗaki shekaru.

Sansanin kwana uku da asibitin dindindin

Agajin ido a Arewa ba sabon abu ba ne. Asibitin ido na ECWA a Kano mishan suka kafa shi a 1943, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin Makkah na gidauniyar Al-Basar, ga ƙungiyar Sightsavers da ta daɗe tana aiki da gwamnatocin jihohi. Daga irin waɗannan wurare ake fita sansanin karkara, kuma amfaninsa a bayyane yake. Wanda ya taɓa tsayawa a sansani da safe, lokacin da ake kwance bandeji, ya san haka. Dattijo yana zaune a benci, ma'aikaciya ta ɗaga auduga, ta nuna masa yatsu ta ce, “Baba, nawa ne?” Ya ce uku. Sai ya juya yana ƙare wa jikan da ya shekara biyu yana ja masa sanda kallo. Yaron nan ma ya samu 'yanci, zai iya komawa makaranta.

Raunin sansanin yana zuwa ne bayan motar likitoci ta tashi. Idon da aka yi wa aiki yana buƙatar maganin ɗigawa na makonni, da kariya daga ƙura da hayaƙin murhu, da sake dubawa. Idan ba a auna ido kafin aiki ba aka sa wa kowa madubi iri ɗaya, wasu za su fito suna gani dishi-dishi sai da tabarau. Wasu kuma bayan wata da watanni jakar da ke riƙe da madubin takan dusashe, abin da ake gyarawa da leza cikin mintoci, amma a birni. A ƙauye gani ya kori ji: ido ɗaya da ya lalace yana hana mutum goma zuwa, kamar yadda ɗaya da ya warke yake kawo su.

Darasi daga Indiya

Asibitin Aravind da likita Govindappa Venkataswamy ya buɗe a Madurai a 1976 da gado 11 ya bi wata hanya. Masu hali suna biya, rarar ta ɗauki nauyin marasa hali. Ana tantance marasa lafiya a ƙauye, a kwaso su a mota zuwa asibiti, a mayar da su, a koma duba su. A 1992 suka fara ƙera madubin roba da kansu, farashinsa ya faɗi warwas. Abin lura shi ne agajin ya zauna cikin tsari mai ciyar da kansa, bai dogara da ranar da mai kyauta ya tuna ba.

Kammalawa

A 2021 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da sabon ma'auni: a riƙa ƙirga waɗanda aka yi wa aikin yana kuma suka samu gani mai kyau, a ƙara adadinsu da maki 30 cikin 100 kafin 2030. Ma'aunin ya dace da mai bayar da zakka ko waƙafi a nan gida. Kuɗin da zai kashe kan rumfa da alluna zai fi amfani idan ya sayi na'urar auna ido, ya horar da ma'aikacin jinya a asibitin ƙaramar hukuma, ya biya motar ɗauko tsofaffi da rani bayan girbi. Kuma kafin ya karɓi rahoto, ya tambayi mutum nawa aka sake dubawa bayan mako shida, da abin da suka iya karantawa a allon gwaji.