Fitilun Titi a Ƙasar Bagudo: Hakkin Wa, Kuɗin Wa?

Abin da nake so in tattauna a wannan maƙala ƙarami ne a ido, watau fitilar gefen titi. Amma wanda ya bi tarihinta a ƙasar Bagudo zai ga yadda mulki yake raba aiki da kuɗin aiki.

Bari in fara da iyaka. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ita ce ta bar Illo a hannun Ingila, ƙasar da ke yamma kuwa ta faɗa Dahomey, wadda ake kira Benin tun 1975. Daga nan Illo da Lolo da Tsamiya suka zama garuruwan bakin iyaka. A zamanin En'e haraji da jangali suna shiga baitulmalin Gwandu, su fita a albashin hakimai da alƙalai da 'yan doka. Hasken dare kuwa na mai buƙata ne. Mai tsire da mai shayi kowa ya kunna a-ci-bal-bal tasa, mai hali ya sayi fitilar ƙwai.

A 1968 aka gama madatsar Kainji, a 1972 aka kafa NEPA, a 1976 kuma aka ja waya daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. To, mai karatu ya duba wannan. Kogin Kwara ta ƙasar Bagudo yake shigowa Nijeriya. Ruwan da ya wuce ta gaban Lolo shi ne yake juya injin Kainji, wutar ta komo arewa ta haska babban birnin wata ƙasa. Ban ga laifin maƙwabtaka ba, amma ana jan waya ne inda gwamnati ta ga nauyi, ƙauyen iyaka kuwa ba shi da nauyi a ma'auninta.

A 1976 ɗin dai aka yi gyaran ƙananan hukumomi, En'e ta kau. Tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ambaci fitilun titi ƙarara cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da hanyoyi da magudanun ruwa. Ke nan a doka ita za ta ce a kafa nan, kada a kafa can, ita za ta biya. Sai dai sashe na 162 ya sa kasonta na tarayya ya biyo ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. An ba ta jaki an riƙe akala. Sai a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye.

Cikin wannan giɓi fitila mai aiki da hasken rana ta shigo. Ba ta buƙatar waya, ba ta jiran kamfanin lantarki na Kaduna da ya karɓi rabon wuta a Jihar Kebbi a 2014. Amfaninta ya ƙara fitowa a 2019, lokacin da aka rufe iyakoki, Kwastan kuma ta hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mai janareta a bakin iyaka ya ji jiki a wannan shekara.

Amma galibin irin waɗannan fitilu a ƙasar nan ta ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa suke zuwa, daga kasafin Abuja. A nan nake ganin matsalar take. Wanda ya kawo kuɗi shi ke zaɓen wuri, shi ya sa sau da yawa sanda takan tsaya ƙofar gidan mai faɗa a ji, ko bakin babban titi inda baƙo zai gani. Da ni za a tambaya, da mashigar jirgin ruwa zan fara, inda fasinja ke sauka bayan magariba, sai ƙofar asibiti, sai tasha da kasuwa.

Sa'an nan batir yana da wa'adi. Bayan 'yan shekaru sai ya mutu, ƙurar hunturu kuma ta rufe farantin. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ɗan majalisa wataƙila ya faɗi zaɓe, ƙaramar hukuma kuwa ba ita ta kafa ba balle ta sa gyara a kasafinta. Hukuncin 2024 ya yi magana a kan hanyar da kuɗi zai bi. Bai faɗi wanda zai hau tsani ya canja batir a Tsamiya ba.